Mai shan jini ko lich: wanne rashin mutuwa za a zaɓa?

Samarin da muke buga wasa tare a Maradi sun yi ta tambayata wanne ya fi tsakanin mai shan jini (vampire) da lich, wato matsafin da ya ƙi mutuwa, a duniyar Dungeons & Dragons, wasan tebur na ƙaga labari da ya fito a 1974. Duka ƙagaggen labari ne, amma muhawarar tana da daɗi.

Zama mai shan jini bai da wuya: wani mai shan jini ya cije ka har ka mutu, a binne ka, sai ka tashi. Tsadarsa daga baya take zuwa, don wanda aka ciza bawan wanda ya cije shi ne. Ku dubi Astarion a wasan bidiyo na Baldur's Gate 3 na 2023: kusan shekara 200 yana ƙarƙashin Cazador, wanda ya cije shi, ko musu ba ya iya yi masa. Rana tana ƙona mai shan jini, ruwa mai gudu ma haka, kuma ba ya shiga gidan mutane sai an ce masa ya shigo. Ribarsa, fuskarsa da ƙuruciyarsa suna nan.

Lich kuwa matsafi ne da ya daɗe yana karatu, ya ɓoye ransa cikin wani ɗan akwati, ya sha guba da hannunsa. Ko an farfasa jikinsa, cikin kwana 1 zuwa 10 zai sake tashi kusa da akwatin. Wajen ɗorewa ya fi, nesa ba kusa ba. Amma jikin ruɓewa yake har ya koma ƙashi, kuma sai yana ciyar da akwatin da rayukan mutane. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Mai son labarin cuɗanya da jama'a da neman ƴanci, mai shan jini ne nasa. Mai haƙurin doguwar dabara, wanda kaɗaici bai dame shi ba, ya ɗauki lich.