Hannunta da albarka, amma ta sallame ni ba bayani

Bayan ɗinkin biki na sati uku, kafaɗata ta dama ta riƙe, ƙugu kuma ko ruku'u sai da dabara. Wata maƙwabciyata ce ta haɗa ni da mai tausar nan da ake ta yabo a unguwarmu. Gaskiya ta iya aiki. Ta narka man kaɗanya ya yi ɗumi, ta bi jijiyar wuya har ƙasan allon kafaɗa, inda wani ƙulli ya daɗe yana damuna, ta yi ta murza shi a hankali har na ji ya saki. Kusan awa guda muka yi. A lokacin da za a tambaye ni, cewa zan yi kowa ta je.

Ana gamawa na miƙe zumbur, sai jiri ya kwashe ni, na dafa bango. Ita tana can tana amsa waya. Ta karɓi kuɗinta, ta ce "Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya," shi ke nan.

Da yake jikin ya yi sakayau, ina isa gida na hau keke na ƙarasa riguna biyu, na kinkimi jarkar ruwa, na yi wanka da ruwan sanyi ga hunturu. Da asuba kasa juyawa na yi a kan gado, jikina kamar an yi mini dukan sakwara, ga shatin yatsu biyu a dantse. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka ta goce mini wani abu.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kwantar mini da hankali. Ta ce, "Yaya, tausa mai ƙarfi takan bar tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, kamar wanda ya yi aikin ƙarfi." Ta ce kamata ya yi in ɗan zauna kafin in miƙe, in sha ruwa, in huta ranar ba ɗaukar kaya, wanka kuma da ruwan ɗumi. Ta sa na riƙa gasa wurin da tawul, ina ɗan tattaki a tsakar gida. Ta kuma ja mini kunne: in ciwon ya wuce kwana uku, ko wurin ya kumbura, ko hannu ya fara sagewa, asibiti za mu.

A rana ta uku na warware, kafaɗar ma har yau lafiya lau. Amma raina bai daina sosuwa ba. Wannan bayanin minti biyu ne fa. Sai daga baya ma na tuna ko tambayata ba ta yi ba ko ina da hawan jini, ko juna biyu, ko ina shan wani magani, ta hau danna ni kawai. Da niyyata in kai mata Inna, mai ciwon gwiwa, amma na fasa.