Saƙo daga Jamus: fikof ɗin da ya dace da jitarka a Sakkwato

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ya kuke fama da zafin Sakkwato? Ka gaishe min da Inna da Baba.

Ka ce in aiko maka da fikof mai tsada, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu zuwa amfilifaya, saboda jitarka ba ta fita a wurin biki. Zan aiko in sha Allahu. Amma bari ka ji abin da kunnena ya jiyo tukuna, domin kuɗin ba na wasa ba ne. Saiti ɗaya na ainihi yakan fi kuɗin sabuwar jita 'yar China irin taka.

A nan jihar Bavariya akwai wani ɗan ƙauye, Treppendorf, kusa da Bamberg, inda shagon Thomann yake, ɗaya daga cikin manyan shagunan kayan kiɗa na Turai. Ka ɗauki jita daga bango, ka jona ta a amfilifaya, ka zauna ka kaɗa son ranka. Idan ka saya, suna ba ka kwana 30 ka mayar in bai yi maka ba, ga garantin shekara 3. Ko ba su ba, dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya yi sayayya ta intanet kwana 14. Wannan ne nake taya ku takaicinsa. Ku sai dai ku tura kuɗi Alaba ko Kano, a ɗoro muku kwali a mota, abin da kuka tarar a ciki shi ne rabonku.

Shi fikof mai naɗi ɗaya ba wani abin ɓoye ba ne. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kamar dai koyil ɗin fanka a hannun mai rewaya. Tsirkiya ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wuta da amfilifaya ke mayarwa sauti. Yawan naɗin, faɗinsa da irin maganaɗisun su ne ke raba murya da murya.

Na jitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, naɗinsa kusan zagaye 8,000 ne a kan sandunan maganaɗisu guda 6 na wani haɗin ƙarfe da ake kira alniko. Muryarsa garau take, kowace tsirkiya da nata amon. Na gwada irin kiɗan nan na Agadas da kuke so, mai saurin yatsa, na ji kowane bugu ya fito daban, babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa. Da na juya makunni zuwa fikof na kusa da wuya sai muryar ta yi taushi, ta cika, har na kasa ajiye jitar.

Na jitar Telecaster da ke can gindinta, shi kam mai kaifi ne. Akwai farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa, kuma yana zaune cikin ƙarfen gadar jitar, shi ya sa yake yanka. Ko kalangu da ganga sun taru, za a ji shi. Sai dai a ƙaramar sifika mai tsiwa zai soki kunnen mutane. Fikof ɗin P-90 na kamfanin Gibson ya girme su duka, tun 1946 yake. Naɗinsa mai faɗi ne, gajere, da maganaɗisu biyu kwance a ƙasa, muryarsa kauri gare ta da ɗan gurnani. Wallahi ya shiga raina. Amma duk biyun ba za su zauna a ramin jitarka ba sai an sassaƙe ta, kuma ban yarda a kai ta wurin kafinta ba.

Abin da ke cikin taka yanzu, ina kyautata zaton mai maganaɗisun siramik ne: baƙin sanda manne a ƙasa, kamar yadda ake sa wa yawancin jitoci masu araha. Yana da ƙarfi, amma saman muryarsa a bushe yake. Kuma kada yawan ƙara ya ruɗe ka. Duk lokacin da aka ƙara naɗi, ƙarfi na ƙaruwa, tsakiyar murya ta yi kauri, amma ƙyallin sama ya dushe. Wanda mitar masu gyaran rediyo ta nuna masa wajen om 6,000 idan an auna naɗinsa ya ishe ka.

Yanzu ga matsalar da ta fi damuna. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwasar gunjin wutar lantarki. Nan da Najeriya duk wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka gunjin iri ɗaya ne. Bambancin shi ne a nan kowane soket yana da wayar ƙasa, ku kuwa a filin biki janareto ne a gefe da doguwar waya biyu tsirara. Fikof ɗin da ya yi shiru a shagon Jamus zai iya yin kuka a Mabera. Shi ya sa na zaɓar maka saitin fikof uku na Stratocaster mai nau'in alniko da ake kira lamba 5, wanda aka naɗe na tsakiyarsa a juye, aka kuma juya maganaɗisunsa. Idan ka sa makunni a matsayi na 2 ko na 4, fikof biyu na aiki tare, gunjin ɗaya ya kashe na ɗaya.

Kafin ya iso, ka gwada abu biyu da ba sa cin ko sisi. Danna tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, ka juya sukurorin gefen fikof har tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya ta kai kimanin milimita 2. In ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, sauti ya yi ta rawa. Sannan ka rage tsawon wayar da ke zuwa amfilifaya, domin doguwar waya tana shanye saman murya.

Zan haɗo da tef ɗin tagulla na shimfiɗawa cikin ramin jitar, yana rage gunjin da fitilu ke jawowa. Ka kai wa mai gyaran rediyo mai tsabtar hannu ya haɗa da dalma, ka tsaya a kansa, domin wayar naɗin ta fi gashi siranta, in ta tsinke shi ke nan. Ka turo min hoton cikin jitar ta WhatsApp in tabbatar ramin zai ɗauka kafin in biya.

Yayanka.