Jinyar gida bayan tiyatar sauya gaɓar ƙugu: yadda ake yi a Ingila da abin da za mu iya a Zariya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, na rubuto ne game da aikin da likitoci suka ce za a yi wa Hajiya na sauya mata gaɓar ƙugu. Aikina a nan Ingila shi ne shiga gidaje ina kula da tsofaffi, kuma da yawa daga cikinsu an yi musu irin wannan tiyata, saboda haka na ga ya kamata ku san abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti.

Aikin kansa tsoho ne a ƙasar nan, domin wani likitan ƙashi mai suna John Charnley ne ya daidaita hanyarsa a asibitin Wrightington a farkon shekarun 1960. Hukumar lafiya ta gwamnati, wadda aka kafa a 1948, tana yin sa kyauta, sai dai layin yana da tsawo ƙwarai. Ƙa'ida ta ce a fara yi wa mutum magani cikin makonni 18, amma mutane da yawa suna wuce haka suna fama da ciwo. A gida kuwa akwai likitocin ƙashi a asibitin koyarwa na Shika a Zariya da kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano, abin da ke tsayar da mutum shi ne kuɗi.

Inda suka fi mu a fili shi ne shirya gida tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ana tambayar tsayin gadon majinyaci da na kujerarsa da na masansa, sannan a ba shi aron kayan aiki: mazaunin da ke ƙara wa masai tsayi, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da sanduna biyu, da wata doguwar sanda mai baki da ake ɗaukar abu daga ƙasa ba tare da an sunkuya ba. Dalilin duk wannan shi ne sabuwar gaɓar tana iya gocewa a makonnin farko, kafin naman da ke kewaye da ita ya warke. Shi ya sa likitoci da yawa ke hana majinyaci, na kimanin makonni shida, tanƙwara ƙugu har gwiwa ta ɗara shi tsayi, da harɗe ƙafafu, da murɗa jiki a kan ƙafar da aka yi wa aiki.

Idan ka dubi rayuwarmu ta cikin birni, za ka ga kusan komai a ƙasa muke yin sa. Tsugunno a banɗaki, zama a tabarma, alwala a 'yar kujera, cin abinci a tsakar ɗaki, duk suna karya waccan ƙa'ida. Wannan ya fi damuna a kan kuɗin tiyatar, domin ana iya biyan miliyoyi a yi aiki mai kyau, tsugunno ɗaya ya mayar da Hajiya asibiti. Amma babu abin da ke cikin kayan nan da ya fi ƙarfin kafinta ko mai walda a Sabon Gari. A sa a yi mata doguwar kujera mai hannu da huji a tsakiya don banɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ɗaga gadonta, a kwashe darduma da duk abin da zai iya harɗe ƙafa. Sallah kuma ta yi ta a zaune a kan kujera mai tsayi har likita ya ba da izinin sujada, kuma addini ya yi rangwame a kan haka.

A nan ana tayar da majinyaci ya taka ƙafa a ranar aikin ko washegari, a sallame shi cikin kwana biyu ko uku, masu gashin ƙashi su koya masa atisayen da zai riƙa yi kullum. Idan zai hau bene ko dakali, ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, wajen sauka kuma wadda aka yi wa aiki ce ke gaba. Ana ba shi maganin hana daskarewar jini na kusan wata guda. Ina roƙon kada a daina wannan magani don an ga sauƙi, kuma a saye shi a kemis amintacce. Idan ƙafa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ɗinkin ya fara fitar da ruwa tare da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar. Kada a kai ta wurin mai ɗori ko a bari a ja ƙafar, domin abin da ke ciki ƙarfe ne da roba, ba karaya ba ce.

Abin da ke ba ni tausayi a nan shi ne kaɗaici. Tsohuwa takan dawo gidan da babu kowa, ma'aikaci ya shigo na ɗan lokaci ya fita, ta wuni ita kaɗai. Hajiya tana da 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, sai dai tausayinsu yana iya zama cikas, domin za su so ta kwanta a yi mata komai, alhali tafiya kaɗan-kaɗan ita ce maganin. A ware mutum ɗaya da zai riƙa zagayawa da ita a tsakar gida safe da yamma, a kuma taƙaita masu dubiya a makon farko. Ranar komawa ganin likita a nemi mota mai kujera mai tsayi, a guji acaɓa da keke Napep har sai an ba ta izini.