Sikana ko koronarografi, in jijiyar zuciya ta toshe ɗungum

Jama'ar Maraɗi, in aka ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe kwata-kwata har wata 3 ko fiye, kafin a taɓa ta sai an ga hoton wurin, kuma hanya biyu ce.

Koronarografi dai ɗan siririn tiyo ake zurawa ta wuyan hannu ko matsematsi har bakin jijiyar, a tura ruwan hoto, wato ruwan da ke sa jijiya ta fito a hoton, a kalla a allo, kuma nan take ana iya buɗewa a saka ƙarfen da ke tokare jijiya. Amma fa ruwan yana isa bakin toshiyar ya tsaya cak, abin da ke cikinta ba ya fitowa a hoton.

Sikana kuwa, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, allurar ruwan hoton ce kawai a hannu, ka kwanta, ka riƙe numfashi 'yan daƙiƙu, wani lokaci a ba ka ƙwayar rage bugun zuciya, sai ga toshiyar gaba ɗayanta, tsawonta ko ya wuce milimita 20, inda ta lanƙwashe, inda ta ƙandare kamar dutse, duk abubuwan da ke sa siririyar wayar ƙarfen da likita ke zurawa don buɗe jijiyar ta kasa ratsawa ke nan, daga nan zai san ko ta gaba zai bi, ko ya zagayo ta baya, ko tiyata ce ta fi. Sai dai sikana ba ta magani, kallo ne kawai.

Ni wallahi in dattijonmu ne za a ɗauka har Yamai, in toshiyar doguwa ce, gara a haɗa koronarografi da sikana. Dukansu biyu ruwan hoton yana wahalar da ƙoda, mai ciwon suga ya tabbatar an auna masa ita tukuna.