Gyaran tagwayen PLC a kamfanin shinkafa: yadda na ga aikin injiniyoyin da muka kira

Ni ke kula da ɓangaren lantarki a wani kamfanin casar shinkafa da ke wajen Birnin Kebbi. Sashen turara shinkafa da busar da ita a wurinmu Siemens S7-400H ke tafiyar da shi, wato PLC, kwamfutar da ke sarrafa injina. Abokan sana'a a Argungu da Gusau sun sha tambayata ko aikin wasu injiniyoyi da muka ɗauko daga Kano su gyara mana shi ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma akwai wuraren da ban gamsu ba.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan fanel ba, ƙwaƙwalwa biyu ce a ciki, kowace da gidan wutarta, an haɗa su da wayoyin fayiba guda biyu. Ɗaya ke ba da umarni, ɗayar tana bin kowane mataki tare da ita, kamar liman da wanda ke tsaye a bayansa: in alwalar liman ta karye, na bayan ya matsa gaba ya ci gaba daga raka'ar da ake. Muna buƙatar haka saboda shinkafa ba ta jiran mai gyara. In ta wuce lokacinta a tankin jiƙo ta yi tsami, in zafin injin busarwa ya rikice ƙwayar ta tsage, sai a tarar da karyayya ta yi yawa wajen casa, kuɗin buhu ya faɗi.

A tsakiyar hazon hunturu jar fitilar REDF, mai nuna tagwayen sun daina tafiya tare, ta kama, ta IFM1F mai nuna matsala a mahaɗar fayiba ta farko ma ta kama, ƙwaƙwalwa ta biyu ta fita daga aiki. Injina ba su tsaya ba ko na daƙiƙa ɗaya, kuma a nan haɗarin yake. Da na kai wa manaja maganar sai ya ce, "Injiniya, ai komai na tafiya, me za mu kashe wa kuɗi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, biyu muka saya, ɗaya ke aiki. Ranar da wannan ta faɗi, da shinkafa a tanki za ta faɗi." Allah ya saka masa da alheri, ya sa hannu.

Abin da ya fara kwantar min da hankali da mutanen nan shi ne ba su taɓa sukurdireba ba sai da suka jona kwamfuta, suka kwafi shirin gaba ɗaya ta STEP 7, manhajar Siemens da ake rubuta wa PLC ɗin shiri da ita, suka karanta kundin kurakuran da kowace ƙwaƙwalwa ke ajiyewa da lokacinsa. Babbansu, dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗaura abin sauke cajin jiki a wuyan hannu kafin ya kusanci kowane kati. Ya bi wayar fayiba da yatsa har bayan ƙofar fanel, inda aka taɓa ɗaure ta da roba ta lanƙwashe sosai. Ya zare kanta ya haska min da tocila, ga ƙurar buntu ta kwanta a bakin gilashin, irin laushin nan da ke shiga ko'ina a gidan casa. Sun goge, sun sa sabuwar waya, fitilar ba ta mutu ba. Daga nan ne suka tabbatar ƙaramin katin daidaitawa da wayar ke shiga cikinsa shi ma ya lalace.

Ba su tsaya a abin da muka kira su a kai ba. Muna da ƙwaƙwalwar ajiya a sito, suka ce a ɗauko. Lambar samfurinta daidai take da na cikin fanel, amma sigar manhajar cikinta ta bambanta, kuma wannan tsari ba ya haɗuwa sai su biyun sun zo ɗaya a lamba da siga. Da a ce rana ta ɓaci muka cusa ta cikin gaggawa, da ba ta kama ba. Suka daidaita ta, suka nuna wa yarana ɗan makunnin da ke bayanta na zaɓar rak 0 ko rak 1, wato mazaunin ƙwaƙwalwa ta farko ko ta biyu, wanda in an sa shi ba daidai ba za a yini ana neman laifi a wani wuri. Suka canza baturan litiyam masu bolt 3.6 da ke riƙe shirin in wuta ta ɗauke, suka wanke matatun iska. An ƙera na'urar ta jure zafi har digiri 60, amma a watan Afrilu da waje ke haura 40, rufaffen fanel mai toshewar matata ba ya da nisa da wannan iyaka.

Da sabon katin ya iso aka sa, muka tsaya muna kallo. REDF ta fara ƙyaftawa a hankali yayin da ta biyun ke karɓar shirin, sannan ta ƙara sauri tana karɓar bayanan da ake ciki, sai ta mutu. Ni a nan na ɗauka an gama. Dattijon ya ce, "Injiniya, ba mu tafiya sai mun kashe ta farkon a gabanka." Muka cika tanki da ruwa zalla, famfuna na juyawa, ya kashe wutar rak 0. Fitilar MSTR, mai nuna wadda ke ba da umarni, ta koma rak 1. Idona na kan allurar ma'aunin tururi, ko motsi ba ta yi ba. Aka mayar, aka gwada ta ɗaya ɓangaren. Wannan gwajin kaɗai ya isa in sake kiransu, domin da yawa in sun ga fitila ta mutu sai su rufe fanel su miƙa takardar kuɗi.

Inda suka gaza: katin ya daɗe kafin ya iso daga Legas, fiye da alkawarin da suka yi, kuma ba su kira sun yi bayani ba sai ni ke bin su. Farashin da dala suka lissafa shi, ya canza tsakanin ranar yarjejeniya da ranar biya, abin da ya kamata su faɗa tun farko. Rahoton da suka bari ma ya yi gajarta, babu kwafin kundin kurakuran a ciki sai da na nema. Duk wanda zai ɗauke su, ya sa a rubuta waɗannan uku a takarda kafin su taso.

Kafin su tafi dattijon ya nuna min cewa gidajen wutar biyu daga UPS ɗaya suke sha, wato na'urar batur da ke riƙe wuta in ta ɗauke, don haka in ta mutu duka biyun za su faɗi tare. Ba su sayar da UPS, ba su da riba a maganar. Na rubuta buƙatar ta biyu da layinta daban, tana teburin manaja, ina so a kafa ta kafin shinkafar rani ta fara shigowa daga fadamun Suru da Argungu.