STM32L0 a gonar rani: ba ita ke shanye batir ba

Bayan rani guda tana aikin auna damshin ƙasa a wata fadama kusa da madatsar Jibiya, hukuncina kan STM32L0, wata 'yar ƙwaƙwalwar sarrafa na'ura ta kamfanin ST, shi ne ta ci kuɗinta. Tana aiki daga bolt 1.8 zuwa 3.6, don haka batirin CR2032, ƙaramin nan mai kama da kwabo, na iya riƙe ta kai tsaye. Idan ta shiga barcin tanadin wuta da ake kira Stop, agogonta na gudana, abin da take ja bai kai 1 µA ba (µA dubu ke yin mA ɗaya).

Sai dai wanda ya sayi allon da aka riga aka haɗa, ya yi hattara. Yawancin masu araha suna zuwa da regileta (mai daidaita ƙarfin wuta) AMS1117, wadda ita kaɗai ke shan kimanin 5 mA ko ana aiki ko ba a yi. Wutar da CR2032 ke ɗauke da ita kuwa ba ta wuce kamar 220 mAh ba. Raba ka gani, awa 44 ya mutu. A cire regiletar da kan dalma, a cire 'yar fitilar da ke nuna wuta ta shigo. In dole sai an sa regileta, MCP1700 ta fi, 1.6 µA take ci.

Wani ɓarawon shi ne rezistocin auna ƙarfin batir. Guda biyu masu 10k a kan bolt 3 suna zubar da 150 µA dare da rana. A mayar da su 1M-1M da kafasita 100 nF. Na'urar jin damshin ma kada a bar ta a kunne: a ba ta wuta lokacin awo kawai. Ƙafafun ƙwaƙwalwar da ba a amfani da su a saita su a yanayin analog, don ƙafar da aka bari ba a haɗa ta da komai ba tana jan wuta. Kuma a zare ST-Link, na'urar loda mata shiri daga kwamfuta, kafin a ɗora mita, in ba haka ba lissafin ƙarya za a samu.

Aka gyara waɗannan, matsakaicin ci ya tsaya a 10 µA, batirin zai haura shekara biyu a takarda. Na ce a takarda, domin zafin Afrilu a Katsina na wuce digiri 40, akwatin roba a rana ya fi haka, kuma yoyon wuta na ƙaruwa da zafi. Farin akwati, a inuwa, a toshe kafofin da ƙurar hunturu ke shiga.

Aibin STM32L0 shi ne saita agogo da barci na da wuya ga wanda allon 'yan koyo na Arduino kaɗai ya sani. Rediyo ma babu a cikinta, sai an ƙara na LoRa mai aika bayanai nesa, shi kuma CR2032 ba ya ɗaukar nauyinsa. A koma batirin AA biyu.