In Heat da Stimulus: tauri ɗaya, hali daban a kan kwalta

Duk wanda ya fara hawan lonbod, dogon allon nan mai tayoyi huɗu da ake gangarawa da shi kan kwalta, abu na farko da ake koya masa game da taya shi ne lambar da ke rubuce a jikinta: 78a, 80a, 83a. Sai a ce masa ƙaramar lamba taushi ce, mai taushi kuma ita ke kama ƙasa. Babbar lamba tauri ce, mai tauri kuma ita ke zamewa. Ba ƙarya aka faɗa masa ba, amma rabin zance ne. Na daɗe ina musanya tayoyi iri biyu na kamfanin Orangatang a kan allo ɗaya, In Heat da Stimulus. Dukansu masu ruwan lemu ne, dukansu 80a, robarsu ma iri ɗaya ce. Da lambar ce ke yanke hukunci, da babu abin da zai bambanta su. Amma ko an rufe mini ido aka ɗora ni a kan allon, shan kwana ɗaya a kan hanya ya isa in faɗi wacce aka ɗaura.

Ita lambar nan daga ma'aunin da ake kira Shore A take, kuma abu ɗaya kawai take aunawa: yadda ɗan tsinken ƙarfe ke nutsewa idan an danna shi cikin roba. Orangatang sun sauƙaƙa wa mai saye, suka bambanta ta da launi: shuɗi 77a, ruwan lemu 80a, shunayya 83a, rawaya 86a. Abin da lambar ba ta faɗa shi ne yadda robar ke dawowa bayan an matse ta, wanda kuma shi ne gudun taya. Tayoyin da suka zo tare da allona tun farko 78a aka rubuta a jikinsu, sun fi waɗannan taushi a takarda, amma in ka sake ɗaya daga tsayin ƙugu zuwa kan siminti sai ta faɗi tim, da ƙyar ta ɗan yi tsalle. In Heat kuwa in ka sake ta sai ta taso sosai. A kan hanya ma haka suke: waɗancan kana daina turawa da ƙafa suna fara mutuwa, wannan kuwa ta ɗauke ka ta yi ta tafiya. Tun da Frank Nasworthy ya fito da tayoyin robar da ake kira yuritan a Kalifoniya a farkon shekarun 1970, aka rabu da na ƙarfe da na yumɓu, haɗin robar ne sirrin kowane kamfani, kuma ba a rubuta shi a jikin taya.

In Heat tsayinta milimita 75 ne, faɗinta 56, kuma duk faɗin nan yana taka ƙasa. Ka ɗauke ta a hannu ka duba bakinta: a miƙe yake, da kaifi, ba a zagaye shi ba ko kaɗan. Ka danna leɓen waje da babban yatsa, za ka ji yana lanƙwasawa ya dawo. Duk aikin tayar a wannan leɓen yake. Idan ka kwanta cikin kwana da gudu, nauyinka da ƙarfin da ke son jefa ka waje suna sauka a kan tayoyi, sai leɓen ya baje ya manne wa kwalta maimakon ya ɗage. Saboda haka ƙarin kwanciya ba ya rage riƙo, har wani wuri ma ƙara shi yake yi. Akwai wata kwana a gangaren da nake yawan bi wadda da nake sa ƙafa a ƙasa in rage gudu kafin in shige ta. Da waɗannan tayoyin na fara shigarta ba birki, gwiwa a lanƙwashe, hannu ɗaya na shafar kwalta, allon kuma bai ko motsa daga layin da na ɗora shi ba. Ba ƙara, ba karkarwa, sai wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa da ake ji ta tafin ƙafa.

Sabuwar In Heat tana zuwa da wata fata mai sheƙi a samanta, wadda take samu daga mazubin da aka zuba robar. Wannan sheƙin ba ado ba ne, shi ne lokacin da tayar ta fi kama ƙasa a duk rayuwarta. Masu tsere sun san haka, shi ya sa suke ɗaura sababbi ranar gasa. In ka ƙi zamewa da ita, fatar tana daɗewa. In ka tilasta mata zamiya, cikin ɗan lokaci ta goge, tayar ta yi fari-fari, daga nan kuma ta zama wata taya dabam.

A nan ne ya kamata mai saye ya san abin da yake ɗauka. Tayar da ke riƙe ƙasa haka ba ta sakin ta a hankali. Tana riƙewa, tana riƙewa, sai ta saki gaba ɗaya, kuma da gudu ya ragu sai ta sake cafkewa lokaci guda. Sakin ba shi ne abin tsoro ba, cafkewar ce. Idan jikinka bai koma baya sosai ba a lokacin da tayoyin suka sake kama ƙasa, allon zai tsaya, kai kuma ka wuce ta samansa. Wanda ya ƙware yana son wannan hali, domin zamiya ɗaya gajera da irin wannan taya tana cinye gudu mai yawa kafin kwana, sannan ta mayar da shi kan layi nan take. Mai koyo kuwa wahala kawai zai sha, ya yi ta zargin ƙafafunsa alhali ba don aikin aka ƙera tayar ba.

Girmanta ma yana da nasa hukunci. Milimita 75 tana haye tsagar kwalta da ƙananan tsakuwa waɗanda za su tsayar da ƙaramar taya cak, kuma in ta ɗauki gudu ba ta saurin sakinsa. Amma tana da nauyin tashi, turawar farko sai ka sa ƙarfi. Sannan dole ka duba tazarar da ke tsakaninta da allo. In allonka ba a yanke masa gurbin taya ba, kwanciya mai zurfi za ta sa tayar ta taɓa katako, kuma tayar da ta taɓa katako tsayawa take yi nan take. Kafin ka hau, ka tsaya a kan allon a wuri ɗaya, ka danna gefe iya ƙarfinka, ka sa wani ya duba ko da sauran fili. In babu, ka sa faifan roba tsakanin allo da ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ko ka sauya bushin, wato robobin da ke cikin ƙarfen nan waɗanda ke ba allo damar kwanciya gefe, zuwa masu tauri.

Stimulus ƙarama ce a kanta: tsayi 70, faɗi 49, amma abin da ke taka ƙasa milimita 42 ne kawai, saboda an zagaye bakinta ciki da waje. Kuma ba ta da sheƙi. Tun daga masana'anta aka goge samanta da dutse, tana zuwa da kaushi-kaushi kamar an riga an yi amfani da ita. Abubuwa uku ke nan aka canza, baki da faɗin tafi da fata, kuma dukansu wuri ɗaya suka nufa.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne tana ba ka labari kafin ta saki. Ka durƙusa, ka dafa kwalta da safar hannu mai faifai, ka tura ƙafar baya: ba tsalle take yi daga riƙo zuwa zamiya ba, akwai wani ɗan tsakani da za ka ji bayan allon ya fara sauƙi, ƙarar ta canza daga gurnani zuwa wani shuuu mai laushi, sannan allon ya juya. A cikin wannan tsakanin kana da zaɓi. Kana iya ƙara turawa ka cika zamiyar, kana iya sassautawa ka koma layi. Dawowarta ma haka take, a hankali take sake kama ƙasa, ba ta fizgarka. Zagayayyen baki ba shi da wani siririn leɓe da zai naɗe ya maƙale a kwalta, shi ya sa. In ka waiga bayan zamiya mai kyau za ka ga layuka a kan hanya, robar da tayar ta bari ke nan. Suna da daɗin gani, amma kowane layi wani ɓangare ne na tayarka da ba zai dawo ba.

A ganina duk mai son koyon tsayar da allo ta hanyar zamiya da irin wannan ya kamata ya fara, kuma ina faɗin haka da gaske, domin iya tsayawa shi ne abin da ke raba wanda zai daɗe yana hawa da wanda zai ji ciwo ya ajiye allo. Ba na jin daɗin ganin sabon mahayi ya sayi manyan tayoyi masu kaifin baki don ya ji an ce su ne na gudu, sannan ya hau gangaren da ba shi da hanyar sauka daga gudun.

Abin da ka biya a madadin wannan sauƙi a kwana ake biyansa. Waccan kwanar da In Heat ke shiga ba gardama, da Stimulus sai na rage gudu tukuna, in ba haka ba bayan allon ya fara neman waje tun ina tsakiyarta. A kan kwalta mai kaushi kuma ana ɗan fi jin hanya a ƙafa. Don yawo na yau da kullum da lanƙwasa hagu da dama a gangare mai sauƙi, riƙonta ya wadatar, har ma ta fi daɗin sarrafawa saboda ba ta da nauyi.

Akwai abu ɗaya da tayoyin biyu suka yi tarayya a kai, wanda mutane da yawa ba sa dubawa: inda cibiyar take. Cibiya ita ce robar nan mai tauri da ke tsakiya, wadda boris biyu ke zama a cikinta. A duka biyun an ɗan matsar da ita wajen ciki, ba a tsakiya sosai take ba, ba kuma a can gefe ba. Wannan ne ke bar wa leɓen waje sarari ya yi motsi. Illarsa ita ce nauyi ya fi sauka a gefen ciki, saboda haka in kana yawan zamiya tayar za ta fi cinyewa ta can, a hankali ta fara ɗaukar siffar mazurari. Taya mai cibiya a tsakiya ana iya kifa ta a ɗaura ta ɗaya fuskar, ta cinye daidai. Wadda cibiyarta ke can gefe ita ta fi saurin sakin ƙasa, ita kuma ta fi saurin karkacewa. Da waɗannan biyun abin da nake yi shi ne musanya su a gicciye, ta gaba dama ta koma baya hagu, ta gaba hagu ta koma baya dama, tun kafin ido ya fara ganin bambanci. In ka jira har ka gani, ka makara.

Wani abin da ke kashe tayar zamiya da wuri shi ne shafewar wuri ɗaya. Idan allo ya juya ya gicciye hanya sosai ya tsaya a haka, tayoyin sun daina juyawa ke nan, wuri ɗaya ne ke cin kwalta. Bayan nan za ka ji ta tana ɗar-ɗar-ɗar a kowane zagaye, kuma kowace zamiya ta gaba a wannan wurin za ta so tsayawa, ramin ya ƙara zurfi. Maganin a ƙafarka yake: ka bar allon a ɗan karkace, kada ya gicciye ɗungum, don tayoyin su ci gaba da juyawa suna zamewa. Ka kuma tabbata akwai ɗan bututun ƙarfen nan tsakanin boris biyu. Shi ke ba ka damar ɗaure noti tamau ba tare da ka matse boris ba, kuma yawancin karkarwa da kukan da ake ɗora wa taya a lokacin zamiya daga rashinsa suke. Na gwada Stimulus da shi da kuma babu shi, bambancin a bayyane yake.

Duk abin da na faɗa a kan busasshiyar kwalta mai tsabta ne. In hanya ta jiƙe, kaifin baki da faɗin tafi ba sa ceton kowa, In Heat ma zamewa take yi ba sanarwa. Ƙura da yashi a bakin kwana haka suke. Hular kwano da safar hannu ba sa sauka daga jikina ko da wacce taya na ɗaura.

Yanzu In Heat nake ɗaurawa ranar da zan yi tafiya mai nisa ko zan bi gangare mai kwanoni da na san shi sosai, ina kuma kiyaye ta daga zamiyar wasa don bakinta ya daɗe da kaifinsa. Sauran ranaku Stimulus ce a kan allon. Wanda zai iya sayen saiti ɗaya kawai, kuma bai riga ya iya tsayawa da zamiya ba, ya ɗauki Stimulus. In yana da nauyin jiki ko kwaltar da yake hawa tana da laushi da riƙo sosai, 83a za ta fi yi masa sauƙin saki fiye da 80a ɗin da nake amfani da ita.